Muryar Da Ta Maƙale A Hannun Hagu

Mijina Kelepi bai taɓa rubuta waƙa a takarda ba. Tun muna tsibirinmu na Ha'apai, kafin aikin inabi ya kawo mu garin Robinvale, in waƙa ta zo masa sai ya zauna gaban fiyano ya yi ta juya ta har ta zauna daidai, sannan ya kai wa mawaƙan cocinmu ya koyar da su da baki. Murya huɗu muke yi: ta mata biyu, ta sama da ta ƙasa, ta maza ma biyu. Shi ke kiɗa, da kai yake ba da umarni, kuma ba a yi masa musu.

Ciwon ya same shi ne a gona, lokacin tsinkar inabi, rana tana dukan mutane. Abokan aikinsa suka ga taraktarsa ta bar hanya ta kutsa cikin shuka ba ta tsaya ba. Ya daɗe a asibiti a Mildura, ya dawo gida ɓarin hagu a shanye. Ƙafar ta ɗan farfaɗo, yana jan ta da sanda. Harshe ya yi nauyi, amma ni ina gane shi sarai, musamman in faɗa yake. Hannun ne ya ƙi. Yana nan kwance a cinyarsa, yatsu a lanƙwashe, in zai tashi sai ya ɗauke shi da na dama.

Mawaƙa suka koma hannun Lopeti, ɗan yayarsa, direban babbar mota. Sau ɗaya Kelepi ya je coci bayan an sallame shi. Ranar suka yi waƙar da ya haɗa shekarar da mahaifiyarsa ta rasu, wadda duk yankin nan da ita aka san mu. Ina kallonsa, tun baiti na biyu ya sunkuyar da kai. Da muka shiga mota ya ce, "Ya canja min muryar maza ta ƙasa. Ko mutuwa ban yi ba."

"To ka faɗa masa mana."

"In yi wa ɗan yayata faɗa? Ke ma kin san ba a yi."

Gaskiyarsa. A wurinmu ɗan 'yar'uwa ko rigar wuyanka ya cire, murmushi za ka yi. Daga ranar ya daina zuwa coci, ya ce benci na sa masa ciwon baya. Yini yake a kujera bakin taga yana kallon motocin da ke wucewa.

Haka muka yi hunturu, muka shiga bazara. Sai ga saƙo daga 'yarmu Sulieti, wadda ke aikin jinya a Melbourne: tsohuwar kwamfutarta, da wani ɗan kwali mai tsawo. Na buɗe a kan teburin cin abinci. Fiyano ne, in dai za a kira shi fiyano. Tsawonsa bai wuce daga gwiwar hannuna zuwa yatsa ba, maɓallai ashirin da biyar, ƙanana, ga wasu 'yan abubuwan murɗawa a sama. Da hannu ɗaya na ɗaga shi.

Kelepi ya dube shi daga inda yake zaune. "Na jikoki ne?"

"Naka ne, in ji 'yarka."

Ya miƙo hannu na ɗora masa a cinya. Ya danna ɗaya, shiru. Ya danna uku tare, shiru. Ya juya shi yana neman inda ake sa batir, babu. Ya miƙo min.

"Bebe ta aiko wa bebe. Ki ce na gode."

Na ɗora shi saman firji. Da yamma Sulieti ta kira, na shiga kicin na faɗa mata yadda aka yi. Ta yi dariya har da tari.

"Mama, ai ba ya kuka da kansa. MIDI ake ce wa irinsa. Shi dai gaya wa kwamfuta yake wane maɓalli aka taɓa, da ƙarfi ko a hankali, ita ce mai fitar da sauti. Kuma tana riƙewa. Baba zai buga murya ɗaya da hannun dama, ta ajiye, ya buga ta biyu a kanta, har huɗun su cika."

"Wa zai haɗa masa? Ni?"

"To wa? Ke da kike tura hotuna ɗari a rana?"

Washegari lokacin hutunta na jingina wayata da kwalbar man gyaɗa don ta riƙa ganina, muka fara. Igiya ɗaya ce tak, bakinta ɗaya a fiyanon, ɗaya a kwamfuta. Sau uku ina juya ta kafin ta shiga. Tana shiga wasu 'yan fitilu suka kama, na yi ihu kamar na ci gasa. Sauran aikin ne ya sha ni. Manhajar kiɗan sai an sauko da ita, sai an yi rajista, sai an turo wasu lambobi, na rubuta su ba daidai ba, aka sake turowa. Kelepi na bakin tagarsa, ya juya mana ƙeya, amma na lura ya rage muryar rediyo.

Da manhajar ta buɗe na danna maɓalli. Shiru dai.

"Kin buɗe layi?" in ji Sulieti.

"Wane layi kuma?"

"Layin da kiɗan zai hau. Ki danna alamar ƙari, ki zaɓi abin kiɗa."

Sunaye suka zubo rututu. Ban sa tabarau ba, na zaɓi na farkon da hannuna ya kai. Na haɗa kwamfutar da sifikarmu marar igiya, wadda muke kaiwa bakin kogi, na ƙure ta, na danna. Wata irin ganga ta fashe a falon har karen maƙwabta ya amsa. Na zabura na ture kwalbar, waya ta kife, Sulieti tana ta "Mama? Mama?" daga ƙarƙashin tebur.

Sai na ji wani sauti a bayana. Kelepi ne ke dariya, baki a karkace, hawaye na zuba. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin ciwon ya same shi.

"Tsohuwa," ya ce, "matsa, kafin ki kashe mu."

Ya jawo sanda ya zo ya zauna. Muka nemo fiyano na gaske a cikin sunayen. Ya ɗora yatsu ya buga farkon waƙar mahaifiyarsa. Bai kai ƙarshen layi ba ya tsaya. Ya sake, ya kuma tsayawa. Ni ma na ji abin: in ya danna, sai sautin ya ɗan yi jinkiri kafin ya fito, kaɗan ne, amma yana nan.

Fuskarsa ta canja. "Na ba da umarni, sai ta yi tunani kafin ta amsa. Abin da jikina ke min ke nan kullum. Ba zan zauna na'ura ma ta yi min ba."

Ya koma bakin taga. Sulieti ta sa na murɗa wancan, na rage wannan, jinkirin bai tafi ba, hutunta ya ƙare. Ban mayar da fiyanon saman firji ba, na bar komai a kan tebur, muka koma cin abinci a cinya.

Kwanaki ina taɓawa ni kaɗai in na gama aiki. Wata ranar da hantsi ina cikin danne-danne cajin sifikar ya ƙare, ta mutu. Sautin ya dawo ta cikin kwamfutar, siriri kamar kukan sauro, amma ina dannawa yana fita. Na sake gwadawa don kada in yi ƙarya. Ashe tafiyar da sautin ke yi ta iska zuwa sifikar ce ke cin lokacin. Na tono wata tsohuwar igiya a durowa na haɗa su kai tsaye.

"Tsoho, zo ka ji."

"Na ji daga nan," ya ce. Ya riga ya ɗauki sanda.

Daga nan muka samu aikin yi. Bayan karin kumallo sai mu zauna, shi a dama, ni a hagu. Da farko ya yi ta mita maɓallan sun yi kaɗan, ba su kai muryar maza ba, har muka gano wasu 'yan maɓallai biyu a gefe: ka danna ɗaya sauti ya sauka ƙasa gaba ɗaya, ka danna ɗayan ya hau. Su ne aikina, da wani maɓalli ja na ɗaukar sauti. Akwai wani ƙwas-ƙwas da manhajar ke yi don ƙirga bugu, ya ce in kashe shi, shi ba a ƙirga masa. Duk abin da ya buga sai ya fito a fuskar kwamfuta kamar 'yan sanduna a jere, dogaye da gajeru. In yatsa ya zame ba sai an sake daga farko ba, sai in kama sandar da ta kauce in matsar da ita.

"Ɗaga wancan. Ba shi ba, ɗan gajeren. Tsohuwa, idonki fa?"

"Idon da ya zaɓe ka? Ai ka san ba shi da kyau tun asali."

Muka ɗauki muryar mata ta sama. Muka buɗe sabon layi, ta farko tana tafiya yana bin ta da ta biyu. Muka ɗora ta maza ta sama. Ranar da ya ji ukun tare, alhali hannunsa ɗaya ne ya yi su, sai ya matso kusa da sifikar. Ya sa na maimaita, na kuma maimaitawa, sannan ya ce yau ya ji yunwa, in dafa masa ganyen gwaza da naman rago.

Saura ta ƙasa, wadda saboda ita aka yi fushin. Na sauke sauti, na danna jan maɓallin. Ukun suka fara tafiya. Ya buga huɗu ko biyar, ya tsaya.

"Goge."

Na goge. Ya sake. Wannan karon ya ɗan yi nisa, sai ya bi wata hanya da ni ma na san ba ita ba ce. Muka yi ta yi har rana ta take. Gumi ya jiƙa masa riga. Can sai ya kama hannun hagun da na dama, ya ɗaga shi ya ɗora a kan maɓallan, ya zuba masa ido yana jira. Nauyin hannun ya danne maɓallai uku, suka yi wani mummunan kuka da bai tsaya ba. Yatsa ko ɗaya bai motsa ba.

"Tana cikin hannun nan," ya ce a hankali. "Shekara da shekaru shi ke buga ta, ban taɓa tambayarsa me yake yi ba. Na ɗauka a kaina take."

Na ɗauke hannun na mayar masa cinya, na riƙe.

Ranar Asabar sai ga Lopeti da buhun gwaza a kafaɗa. Ya ajiye, ya wuce kai tsaye ya buɗe firji kamar yadda ya saba tun yana yaro, ya ɗauko sauran naman kawunsa ya zauna yana ci. Ya ga kayan da ke kan tebur, ya tambaya, na kunna masa muryoyi ukun. Ya daina tauna.

"Kawu, ina ta huɗun?"

Kelepi na kallon taga. "Ai kana da taka."

Lopeti ya ajiye kwanon. Ƙato ne, wuyansa kamar turmi, amma sai na ga ya koma ɗan yaron da nake goyawa. "Wace tawa? Kawu, ban san ta ba. Ni a muryar sama na tashi. Tsofaffin muryar ƙasa kuma hannunka na hagu suke bi, da ka tafi kowa ya kama gabansa. Abin da ka ji muna yi ranar nan lalube ne. Ga taron Ista ya matso, za mu Mildura, kowa waƙar nan zai tambaya. Tun yaushe nake son zuwa, kunya ta hana ni."

"Kunyar me?"

"In zo in tambaye ka abin da hannunka ke yi, kana zaune haka?"

Sannan Kelepi ya juyo ya dube shi. "Ni ma ban san ta ba."

Lopeti ya ɗauka gatse ne, sai da na gyaɗa masa kai. Ya zauna yana shafa ƙeya. Can ya ce, "To in aka kunna wa tsofaffin ukun nan fa? Wataƙila maƙogwaro ya tuna abin da kai ya manta."

Asabar ta gaba da la'asar ya kwaso su a motar coci, su huɗu, duk masu muryar ƙasa. Babbansu Manase, wanda ya haura saba'in, kunnensa ɗaya ba ya ji, bakinsa kuma ba ya hutawa. Aka shimfiɗa tabarma a gareji, aka dama kava, abin shan mazanmu na garin saiwa, a babban akushi. Ni kaɗai ce mace, kwamfuta a kan kwandon wanki da na kife.

Manase ya leƙa fiyanon. "Kelepi, wannan ne? Ciwon har da fiyanonka ya shanye?"

"Ya fi ka jin magana," in ji Kelepi. "Uinise, kunna."

Na kunna. Baiti na farko ba wanda ya buɗe baki. Da na maimaita sai Manase ya fara gurnani ƙasa-ƙasa, idonsa a rufe, Heneli, tsohon da ke kusa da shi, ya bi, sauran suka shigo. Ba su san sun sani ba. Muryoyin sama na tafiya, nasu na faɗawa inda suka saba faɗawa. Kelepi ya kasa kunne, hannun dama na lalube a kan maɓallai, yana kama abin da suka rera guntu-guntu.

"Tsaya! Nan sauka ake," in ji Manase.

"Hawa ake, kurma!" in ji Heneli.

"Wa kake kira kurma? Ina rera waƙa a coci kana tsotson yatsa."

In gardama ta yi zafi sai Kelepi ya buga duka biyun a kan sauran muryoyin, a ji. Wadda ba ita ba da kanta take tona kanta, sai mai ita ya ce ai dama gwada su yake. Ni kuwa ina ɗauka, ina gogewa, ina matsar da 'yan sanduna. A cikin haka na ji wata murya ta biyar a cikinsu. Kelepi ne. Harshen da ke sarƙewa in zai ce a miƙo masa gishiri, a waƙa sai ya tafi sumul. Ban nuna na ji ba, don na san in na nuna zai daina.

Asabar biyu muka yi a haka, suka cinye min rabin buhun gwaza. Komai ya dawo sai layi ɗaya, na ƙarshen baiti na uku, inda waƙar ke ambaton jirgin da ya bar tsibiri. Mutum huɗu, hanya huɗu, kuma Kelepi ya ce duk ba ita ba ce. Aka juya, aka juya. Daga ƙarshe ya ce kowa ya yi shiru. Ya sa na kunna wurin sau da yawa, ya buga wani abu sabo, mai sauƙi, yana sauka a hankali kamar mai taka matakala.

Manase ya taɓe baki. "Ba ita ba ce."

"Na sani."

"Waccan ta fi daɗi."

"Na sani. Kawo ta in tana wurinka."

Manase ya miƙa ƙoƙonsa aka zuba masa kava.

Sulieti ta koya min yadda ake fitar da waƙar daga manhaja a tura ta waya. Muka yi kashi huɗu, kowanne da muryar da aka ɗaga sama da sauran, kowa ya karɓi nasa. Lokacin tsinka ya sake zagayowa, sai ka bi ta layin inabi ka ji mace da abin ji a kunne tana rera nata, can gaba wani ƙato yana gurnanin nasa. Wani mai gona har ya tambayi Lopeti ko wani ne ya mutu.

Ranar Ista muka cika motar coci muka tafi Mildura. Lopeti ne ya yi kiɗa, a babban fiyanon zauren, hannu biyu. An sa wa Kelepi kujera a ƙarshen layin masu muryar ƙasa, su a tsaye, shi a zaune, sanda tsakanin gwiwoyi. Ni ina cikin mata, ba na ganinsa sai na karkata. Da aka zo sabon layin suka sauka tare, lafiya lau. Wata tsohuwa daga cocin Mildura ta tare shi a bakin ƙofa bayan an tashi, ta ce waƙar nan ba ta taɓa canjawa, yadda ta san ta haka take. Ya ce mata ya gode.

A hanyar dawowa an ci an ƙoshi, rana ta yi sanyi, yawanci sun fara gyangyaɗi. Manase da ke bayanmu ya zunguri kafaɗata.

"Uinise, na'urar nan taki, tana ɗaukar kowace irin waƙa?"

"In dai tsohon nan zai buga, tana ɗauka."

Ya matso, wai raɗa yake, amma kurma bai san ƙarfin muryarsa ba. "Akwai wata da na haɗa tun ina saurayi. Ban taɓa yi wa kowa ba."

"Ta coci ce?" in ji Kelepi.

"A'a. Ta wata yarinya ce 'yar tsibirin Vava'u."

Daga kujerar ƙarshe matarsa Lesieli, wadda kowa ya ɗauka barci take, kuma duk mun san 'yar tsibirin 'Eua ce, ba Vava'u ba, ta ɗago kai.

"Wace yarinya?"

Lopeti ya kusa sakin sitiyari don dariya. Kelepi ya share ido da bayan hannu, ya waiwaya ya ce, "Ka zo ranar Asabar, Manase. In kana da rai."